Na tankaɗe RNA a lab, ga abin da ya tsaya min a rai

Aikin da malamina ya ba ni a digiri na biyu shi ne in nemo RNA (wani sinadari ɗan'uwan DNA mai ɗauke da saƙon gado a jikin halittu) mai yanka kanta daga cikin tarin da aka jera haruffansu A, U, G, C haka kawai ba wani tsari. Irin wannan aiki ya shafi tambayar asalin rai, wato ko da RNA rayuwa ta fara a duniya. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1990 ake yinta, da ita ma David Bartel da Jack Szostak a 1993 suka tsamo RNA masu liƙa wasu RNA daga tarin da yawansa ya kai wajen 1 da sifili 15 a bayansa.

Kamar tankaɗen gari ne. Ka zuba magnisiyam ka bar RNA ɗin su nannaɗe, waɗanda suka yanke kansu sun gajarce kenan sai su riga saura gudu a cikin jel (wani abu mai kauri da ke raba su gwargwadon tsawonsu), ka sa reza ka yanko wurin, ka kwafe su ka sake sabon zagaye. Da farko ba ka ganin komai wallahi, sai ana cikin tafiya layin waɗanda suka yanke kansu ya fara fitowa a jel ɗin yana kauri, kuma safar hannu dole ce don enzayim (sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin halitta) mai cin RNA da ke fatar mutum kaɗai ya isa ya cinye maka aikin wata guda.

To a nan na yarda cewa samun RNA mai aiki a cikin tarkace ba shi ne babban wuya ba, in dai tarin na da yawa za a dace. Inda gizo ke saƙar shi ne kwafi. Duk zagaye sai na buɗe firiza na ɗauko enzayim da muka saya da kuɗi don su yi min kwafin, kuma dukkansu furotin ne, duniyar farko kafin a samu rai fa ba ta da ko ɗaya, wa ya yi mata kwafin? Shi ya sa yanzu nake ganin girman aikin James Ferris da ya nuna a 1996 cewa wani irin yumɓu na iya jera tubalan RNA su kai kusan 50, da na John Sutherland a Manchester a 2009 da ya haɗa biyu daga cikin tubalan daga ƙananan sinadarai.

Ga kuma magnisiyam ɗin, shi ke taimaka wa RNA ta naɗe, shi ke saurin tsinka ta musamman in da zafi. Su Philipp Holliger a Cambridge cikin ƙanƙara suka koma suna gwada kwafin, sanyi na rage lalacewa kuma sinadaran na taruwa a 'yan guraben ruwan da bai daskare ba. Da ana cewa asalin rai tafki mai ɗumi nake hangowa, yanzu kam na fi karkata ga ƙanƙarar.