Daga ɗakin cin abincin jirgin ruwa zuwa tukwanen biki a Maradi

Mu mutanen Maradi ruwan da muka sani shi ne Gulbi, shi ma sai damina ta kankama. Shi ya sa idan na ce na yi aiki a jirgin ruwa, akan ɗauka irin na dakon kayan nan ne da ke tsayawa Kwatano. Nawa na yawon shaƙatawa ne, bene hawa fiye da goma, fasinja dubbai, mu ma'aikata mun haura dubu. Lokacin zafin Turai muna zagaya Bahar Rum, Basalona da Marsai da Jenowa, sanyi na shigowa a tsallaka da mu Amurka, mu riƙa tashi daga Mayami zuwa tsibiran Karibiyan. Ni an ajiye ni a babban ɗakin da ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa. Da kwashe faranti da goge tebur na fara, daga baya aka mayar da ni bayan kanta.

Tun kafin a nuna mini yadda ake ɗaukar tire aka fara karanta mini sunan norobairos. Ƙwayar cuta ce mai sa amai da zawo, sunanta ya samo asali daga garin Norwalk na jihar Ohayo, inda ta kwantar da ɗaliban wata makaranta a 1968. Takan yi awa 12 zuwa 48 a jikin mutum kafin ta nuna, ta wahalar da shi kwana ɗaya zuwa uku, kuma ƙwaya ƴan kaɗan, waɗanda ba su kai ɗari ba, sun isa su kama lafiyayye. Jirgi kuwa kamar gidan haya ne da aka rufe ƙofarsa, kowa hannunsa na kan ƙarfen matakala ɗaya, kowa na danna maɓallin lif ɗaya.

Tsayuwa bayan kanta ta sa na daina kallon abinci, na koma kallon mariƙin ludayi. Mutum ya fito daga makewayi, ya wuce wurin wanke hannu kamar bai gani ba, ya kama cokalin ɗibar shinkafa. Na bayansa ya kama wuri ɗaya, sannan ya ɗauki burodi da hannun nan ya kai baki. Shinkafar lafiyarta lau, gilashin da ke kare ta daga atishawa yana ta ƙyalli, amma cuta ta riga ta wuce. Saboda haka muke sauya ludayi a kai a kai ko da ba a ga datti a jikinsa ba. Man goge hannu mai alkol ɗin nan da korona ta saba mana da shi ba ya yi wa norobairos wani abin kirki, sai ruwa da sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20. Fasinja da yawa sun fi son man, don ba ya jiƙa musu agogo.

Jirgin da ke ɗaukar fasinja 13 ko fiye, yana zirga-zirga tsakanin Amurka da wata ƙasa, yana ƙarƙashin binciken CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tsarin da aka faro tun 1975. Sau biyu a shekara suke zuwa, ba sanarwa. Maki 100 ne, wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma sakamakon na nan a intanet kowa ya gani. Mu dai “USPH” muke ce wa masu binciken, wato jami'an kiwon lafiyar jama'a na Amurka, kuma da an raɗa sun hau, sai ka ga shef yana tafiya kamar ƙasa na ƙona shi. Na ga mai bincike ya durƙusa da tocila yana leƙen ƙarƙashin injin ƙanƙara, ya tsoma takardar gwaji a bokitina, ya soka ma'aunin zafi a tsakiyar miya. Bokiti uku muke aiki da su: ja na ruwan sabulu, mai launin toka na ɗauraya, fari na ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda ƙarfinsa zai tsaya tsakanin kashi 50 da 200 cikin miliyan. Abinci mai zafi kada ya sauko ƙasa da digiri 57, mai sanyi kada ya haura 5. Wanda aka fitar ba wuta ba ƙanƙara a ƙarƙashinsa, sai a manna masa takarda mai launi, awa huɗu na cika a zubar.

Zubarwar nan ta daɗe tana ci mini rai. Duk ɗan Maradi da ya ga yunwar 2005, ya ga iyaye mata a layi da yara a goye, ba zai juye tiren kaji a shara zuciyarsa ba ta motsa ba. Har yau ina ganin ana dafa abin da ya wuce kima a jiragen nan don kawai ido ya ƙoshi. Amma dokar awa huɗun ba ta da laifi, laifin na yawan girkin ne.

An taɓa yin tafiyar da ciwon ya ɓarke mana. Ƙa'ida ita ce idan masu amai da zawo suka kai kashi 2 cikin ɗari na fasinja ko na ma'aikata, a kai wa CDC rahoto na musamman, idan suka kai kashi 3 sai a bayyana wa duniya. Kafin gari ya waye an kwashe gishiri da barkono daga tebura, an hana kowa taɓa ludayi, mu ke zubawa, hatta kofin shayi mu ke miƙawa. Wata tsohuwa ta yi amai kusa da teburin kayan zaƙi. Nan take aka kewaye wurin, aka zubar da duk abincin da ke buɗe a kusa, masu safar hannu da takunkumi suka zo da jabel mai ƙarfin kashi 1000 cikin miliyan. Hannuwanmu sun tsattsage don wanki.

A nan na gane inda ƙarfin tsarin yake. Ma'aikacin abinci da cikinsa ya ɓaci dole ya je wurin likitan jirgi nan take, a killace shi a ɗaki sai ya yi awa 48 ba amai ba zawo. Albashinsa na tafiya, ana kai masa abinci har ƙofa. Wanda ya ɓoye aka gano shi, shi ke fuskantar horo, har kora. An sauƙaƙa faɗin gaskiya, an tsananta ɓoyewa, don an san mai tsoron rasa kuɗin yini ba zai ce ba shi da lafiya ba.

Da na dawo gida na shiga dafa abincin biki da suna da taron ƙungiyoyi. Injin wanke faranti mai kai zafin faranti digiri 71 ba ni da shi, firigo kuma sai yadda wuta ta ga dama. Bokiti uku dai ba su fi ƙarfina ba. Jabel nakan sayi na rufaffiyar kwalba in ajiye a inuwa, don wanda ake ɗurawa a gora ya yini a rana a kasuwa ƙarfinsa ya tafi. Kwanon wanke hannu ɗaya da ake zagayawa da shi, a fara daga dattijo a ƙare kan yaro ruwan ya zama kunu, shi na fara kawarwa. Yaro ke bi da buta da roba yana zuba wa kowa. Buta ba ta sha gardama ba, ai da ita muke alwala. Sabulu ne aka ce yana ɓata ɗanɗanon tuwo, sai na koma ga marar ƙamshi. Wanda ya tuna kwalarar 2018 da ta taso daga yankin Madarumfa, ko ta 2021, ba ya buƙatar dogon bayani.

Mai wuyar ita ce maganar ciki. Babbar mai girkina ƙanwar mahaifina ce, hannunta a dambu da miyar taushe ba na biyu. Wata safiyar biki na lura tana yawan zagayawa baya, tana dawowa tana share gumi da gefen mayafi.

Na rage murya na ce, “Gwaggo, yau ki huta, kuɗinki na nan cif.”

Ta ce, “Kai ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake girkin biki. Wa ka ji ya mutu?”

Ba a ja da gwaggo a gaban mutane. Na aika wa Inna, ta zo ta ja ta ɗaki, suka yi maganarsu ta manya. Na aika wa Gwaggo da garin gishiri da sukari na kantin magani, da kuɗinta na ranar da na kwana biyu bayan ta warke. Labarin kuɗin ne ya zagaya cikin ƴan aiki, ba wa'azina ba. Yanzu yarinyar da ke yankan albasa takan aiko ƙaninta da asuba ya ce yaya cikinta ya ɓaci, in nemi wata. Kuɗin nan na sa shi cikin farashi, kuma akwai masu bikin da suka koma wurin mai araha saboda haka.

Sauran rigimar ta lokaci ce. A watan Afrilu zafin Maradi na haura digiri 40, zafin da ƙwayoyin cuta ke saurin hayayyafa a cikinsa, ga shi biki ba ya farawa a sa'ar da aka faɗa. Shinkafar da ta huce ta daɗe a ajiye tana iya tara dafin da ɗumame ba ya kashewa, don haka ba na dafa ta gaba ɗaya, tukunya bayan tukunya nake ɗorawa ina jin labarin inda amarya take. Salati mai mayonez da dafaffen ƙwai kuwa ba na karɓarsa a bikin rana. Idan uwar amarya ta dage, nakan ce, “Hajiya, to a ƙaro kuɗin ƙanƙara.” Kayan su zauna a kula, a haɗa shi sai an fara zuba abinci, abin da ya rage kuma ba a raba wa maƙwabta.