Alhamis a shago: ashe ba laifin tsohuwa ba ne

Yau ranar kasuwar Dole ce a nan Damagaram, tun ƙarfe takwas ɗalibai suka cika mini shago, kowa da takardun da yake so a ɗora masa a intanet. Ga hazo ya rufe gari, ga kwamfutata tana jan ciki kamar jakin da ya kwana da kaya. Takarda mai shafi huɗu sai da na yi minti goma ina kallonta tana tafiya. Wata yarinya ta gaji, ta karɓi kayanta ta hau kabu-kabu ta yi gaba, ko sallama babu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rezo ɗin lafiyarsa lau. Akwatin intanet ɗin yana shagon maƙwabcina, mu biyu muke haɗa kuɗin wata, ni kuma na ja waya ta bi ta saman kwano, kusan mita 30, ta shigo wurina. Na tsaya bakin ƙofarsa na gwada da salula, ta nuna megabit 19 a daƙiƙa. Na dawo kan kwamfuta mai waya, wadda ita ya kamata ta fi ƙarfi, ko 3 ba ta kai ba.

Na yi abubuwan da aka saba. Na kashe akwatin na kunna, na buɗe cikin kwamfutar na hure ƙurar da ta isa a shuka gero, na rufe duk shirye-shiryen da ke aiki a ɓoye. Shiru. Sai na yanke hukunci a raina cewa tsufa ne kawai. Gwanjo ce dama, daga Kano aka kawo mini ita, har yanzu Windows 7 ne a kanta. Har na fara lissafin jaka nawa zan nema in canja ta bayan salla.

Bayan azahar ɗan ƙanwata ya biyo, wanda ke karatu a Jami'ar André Salifou. Ina ba shi labari, bai ce komai ba, ya zauna ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta ncpa.cpl, ya buɗe hoton mahaɗin waya. Ya nuna mini layin da aka rubuta Vitesse, wato gudu, ya ce, "Kawu, duba nan. Megabit goma take nunawa. Katin nan naka da wayar intanet ke shiga, ɗari yake iya ɗauka."

Na ce to ai ka gani, ta tsufa. Ya ce a'a, idan kati da akwati suka kasa jin juna sosai a kan ɗari, sai su sauko goma, ko su yi ta maimaita saƙo ɗaya. Ya zare wayar ya ɗaga kanta sama wajen haske, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ni, a hankali, wa ya matse wannan kan.

Ni ne. Bara na sayi wayar da kawunan roba biyu, na ari filaya, na jera zarurrukan nan takwas yadda idona ya ga ya yi kyau: masu ruwan lemo biyu gefe guda, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu. Na yi haka a duka ƙarshen biyu, fitila ta kama, na ce aiki ya yi. Ashe ba a banza aka murɗe su biyu-biyu kamar igiya ba, murɗin ne ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Cikin ƙafafu takwas na kan robar, gudun ɗari yana aiki da ƙafa ta 1 da ta 2, sai ta 3 da ta 6, kuma dole 3 da 6 su zama tagwaye masu murɗi ɗaya. Jerin da na yi ya sa ta 3 ta fito daga kore, ta 6 daga shuɗi. A gajeriyar waya abin kan wuce, a mita 30 kuwa sai ya tona asirin mutum.

Ya yanke kawunan ya sake jeri: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa, ruwan ƙasa. Na farko bai matsu ba, zare ɗaya bai kai ƙarshe ba, sai da na aika yaro kasuwa ya ƙaro wani. Muna shirin gwadawa aka ɗauke wuta. Muka zauna shan shayi, maƙwabcina yana mini dariya, wai injiniyan Zango.

Wuta ta dawo gab da la'asar. Layin ya nuna 100, gwaji ya ba da 18. Na ce mu nemi katin da ke kai dubu, ya ce asarar kuɗi ce tunda abin da muke biya ma bai wuce 20 ba. Ya kuma tuna mini cewa megabit 20 ɗin nan megabait biyu da rabi ne idan ana sauke kaya, don takwas ake rabawa, kada gobe in sake kiransa.

Inda bai saurara mini ba shi ne maganar Windows 7. Tun Janairun 2020 Microsoft ta daina aiko masa gyaran tsaro, Chrome ma ya tsaya a lamba 109, ni kuwa takardun haihuwar mutane da hotunansu nake ɗorawa a kai. Ya ce ran Lahadi zai dawo mu ga ko za ta ɗauki Linux, wani tsarin da ake sakawa a madadin Windows. Na ba shi kuɗin kabu-kabu ya ƙi karɓa, sai na cusa masa a aljihu. Tsoffin kawunan biyu suna nan cikin aljihun tebur, ban yar ba tukuna.