Abin da ajin lissafi ya koya min kafin in ajiye alli

Shugaban sashenmu ma'auninsa ɗaya ne: aji ya yi tsit, malami ya cika allo, ya ce "Kun gane?", yara su haɗa baki su ce "Eh, Malam!" In an samu haka, darasi ya yi kyau a wajensa.

Ranar da ya shigo duba aikina, na rubuta 1/2 + 1/3 a allo. Yawancin ajin suka ce 2/5, wato sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ban goge ba, ban kuma ce sun yi kuskure ba. Na ce kowa ya zana amsarsa. Can wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, 2/5 ai bai ma kai rabi ba. Ta yaya za a ƙara wa rabi wani abu kuma ya ragu?" Nan gardama ta kaure, har suka kai ga 5/6 da kansu.

Shugaban kuwa abin da ya rubuta a rahotonsa shi ne ban iya riƙe aji ba, kuma na ɓata darasi guda a kan tambaya ɗaya. Rahoton nan ya bi ni har lokacin ƙarin girma. Bai taɓa tambayar yaran abin da suka fahimta ba, ko sau ɗaya.

Don haka ga masu shigowa aikin koyarwa: "Eh, Malam" ladabi ne kawai, ba ya nuna an gane. Amsar da ba daidai ba ta fi shi amfani nesa ba kusa ba, domin ita ce ke nuna maka inda tunanin yaro ya karkace. In ka yi tambaya, ka dakata. Mary Budd Rowe, wata mai bincike kan koyarwa, ta gano tun farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne kacal, kuma in aka kai daƙiƙa uku amsoshi sukan ƙara tsawo, masu magana su ƙaru. Wajen gyaran aiki kuwa, binciken Ruth Butler na 1988 ya nuna sharhi shi kaɗai ya fi maki taimaka wa ɗalibi. In ka haɗa su, makin yake kallo.

Kada ka riƙa kiran masu ɗaga hannu kaɗai. Kuma ka ajiye kwafin aikin ɗalibanka, saboda ranar da mai dubawa zai zo da rahotonsa a rubuce tun kafin ya zauna.