Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Wa Makarantar Unguwarmu

Assalamu alaikum. A madadin tsofaffin ɗaliban makarantar firamaren unguwarmu a nan Jos, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu wajen gyaran ajujuwan da iskar farkon damina ta yaye wa kwano, har yaranmu suka yi makonni suna karatu a gindin mangwaro.

Waɗannan ajujuwa an gina su ne lokacin shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, sa'ad da yara suka yi wa tsohon ginin yawa. Magina na wancan zamani sun san garin da suke aiki a cikinsa. Sun ɗora harsashin a kan duwatsun da aka fasa a nan kusa, suka jera ajujuwan suna kewaye da fili guda, ta yadda hedimasta zai tsaya a ƙofar ofishinsa ya ga kowane aji. Sun yi baranda mai faɗi saboda ruwan Agusta, suka sa tagogin katako da ake rufewa idan sanyin Disamba ya tsananta, domin wanda ya taɓa riƙe fensir da safiyar hunturu a Jos ya san yadda yatsu suke ƙagewa.

Shi ya sa godiyata ta musamman take ga Baba magini, wanda ya yi aiki a ginin farko yana saurayi. Da wasu daga cikinmu suka ce a rushe a sake sabo, shi ne ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa ya ce lafiyarsa ƙalau, rufi kawai yake bukata. Gaskiyarsa ce, kuma na ji daɗi da aka saurare shi.

Muna gode wa Mai Unguwa da limamanmu, da 'yan kasuwar Katako da suka sassauta mana farashi, da kafintocin da suka ƙi karɓar kuɗin aiki. Iyayenmu mata sun yi ta kawo kunu da ƙosai kowace safiya, maƙwabtanmu Kirista kuma, waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, sun kawo bandir ɗin kwano da hannunsu.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Yara za su koma ajujuwansu ranar Litinin, in sha Allahu.