Na je neman ganuwar Jidda

Laraba, da dare.

An ɗaga tashin jirginmu zuwa gobe, kuma ba wanda ya ce mana uffan sai da muka kwashi kaya niƙi-niƙi muka isa filin jirgi. Aka maido mu masauki. Kawu ya ce shi barci zai rama, gajiyar Umara ba ta sake shi ba. Da aka yi La'asar na lallaɓa shi muka tafi Balad, tsohon garin.

Zuwana uku ke nan, amma ban san Jidda da komai ba sai filin jirgi da kasuwar tsaraba. Yau abin ya ba ni kunya.

A Bab Makka muka sauka. Ƙofa ce tsaye ita kaɗai, ba katanga dama ba katanga hagu, motoci na kewaye ta. Kawu ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "To ɗana, ina ganuwar?" Na ce, "Kawu, tun 1947 aka rushe ta." Ya ce, "Maƙiya?" Na ce a'a, hukuma ce, gari ya cika ya batse. Ya girgiza kai kawai.

Ita ganuwar tsoro ne ya gina ta. Tun shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya maido tashar jiragen Makka daga Shu'aiba zuwa nan, don haka duk mai nufin Makka ta teku, da alheri ko da sharri, sai ya bi ta Jidda. Da Turawan Fotugal suka kewayo kudancin Afirka suka fara tare jiragen 'yan kasuwa, sai Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri ya turo Husaini al-Kurdi ya kewaye garin da ganuwa. A 1517 kuwa sai ga su, Lopo Soares na jagorantar jiragen. Mashigar tashar ƙunci gare ta, duwatsun murjani ko'ina, ga igwogin Salman Reis, kwamandan da ke kare garin, suna jira. Suka yi ta dawurwura a bakin ruwa, ƙarshe suka juya. Daga nan zuwa Ka'aba bai kai kilomita 100 ba. Ina tuna haka tsigar jikina ta tashi.

Da dutsen murjanin nan aka gina gidajen Balad. Na dafa wani bango inda shafen ya ɓare, sai ga ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, har da ɓawon katantanwa maƙale a ciki. A sama kuma tagogin katako ne da suke kira rawashin, wasu sun sha fenti, wasu sun karkace an tokare su da ƙarfe.

Mun fi daɗewa a ƙofar Bait Nasif. Bishiyar darbejiya ce a gabansa, an ce akwai lokacin da ita kaɗai ce bishiya a garin, har ana kiran gidan da mai bishiya. Nan Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa ƙasar Saudiyya, ya sauka da ya shigo a Disambar 1925. Kafin nan garin ya sha wuya: jirgin yaƙin Ingila ya yi masa ruwan wuta a 1858 bayan an kashe jakadun Ingila da Faransa a wata tarzoma, sannan a 1916 Sharif Husaini, mai mulkin Makka, ya ƙwace shi daga Turkawa da taimakon jiragen Ingilan. Ɗan Sharif Husainin, Sarki Ali, shi dakarun Abdul'aziz suka yi wa ƙawanya wata da watanni a cikin ganuwar nan. Ba a fasa ta ba. Yunwa da rashin kuɗi suka ci ƙarfinsa, manyan gari suka nemi sulhu, ya hau jirgi ya tafi, ya ƙare a Iraƙi.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne ruwa. Ga teku a ƙofar gida, ga ƙishirwa. Ruwan sama suke tarawa a rijiyoyin ƙasa, daga baya Turkawa suka kawo injin tace ruwan teku da ake kira kindasa. Sai a 1947, shekarar da ganuwa ta faɗi, aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Faɗima. Ina cikin wannan bayani Kawu ya miƙa riyal ɗaya ya karɓi gorar ruwa mai sanyi, ya shanye bai rage mini ba.

Magariba a Masallacin Shafi'i muka yi ta. Da muka fito sai ya ce tunda an zo, a leƙa kasuwar Suƙul Alawi. Dardumar salla huɗu ya saya, ga jakarsa tun jiya ta wuce kilo. Yanzu yana can yana munshari, ni kuma ina neman inda zan cusa su a tawa.