Bayan Sarki Sulaimanu na Usmaniyya: abin da na koya wajen rubuta kundina

Na karɓi sakamakon digirina na biyu, na kwashe littattafaina daga ɗakin karatun sashe, kuma ba ni da niyyar komawa can yin na uku. Waɗanda muka sha zaman benci tare a bakin ofisoshin malamai sun san sashen, sun san mutumin, ba sai na kama suna ba. Ƙannenmu masu shigowa ne ke ta tambayata yadda aka yi aikin da aka sa wa rai ya ƙare da maki tsaka-tsaki, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Kundina a kan hulɗar Barno da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ne, zamanin Mai Idris Alooma da Sarkin Santambul Muradu na uku, wanda ya yi mulki daga 1574 zuwa 1595. Turkawa sun karɓi Turabulus tun 1551, ikonsu ya gangaro har Fazzan, wato kan hanyar alhazai da fataken Barno. Mai Idris ya tura jakada Santambul, a 1577 aka rubuto masa amsa: sansanin da ya nema a bar masa ba za a bari ba, amma an ba da umarni kada a taɓa matafiyan ƙasarsa. Wannan ɓangaren bai jawo min rigima ba. Babi na biyu ne ya jawo, inda dole in bayyana wace irin daula ce Mai Idris yake magana da ita.

Farfesan da ke duba min aiki yana da karatu ɗaya a kan sarakunan Usmaniyya 36, kuma duk wanda ya zauna ajinsa ya haddace shi. Goma na farko jarumai ne: Usman ya kafa gida wajajen 1299, Orhan ya ci Bursa a 1326, Muradu na ɗaya ya rasu a fagen Kosobo a 1389, Muhammadul Fatih ya buɗe Kustantiniyya, wato Santambul, a 1453 yana ɗan shekara 21, Salim na ɗaya ya ci Sham da Masar a 1516 da 1517, sai Sulaimanu ya kai daular ƙololuwa. Daga rasuwarsa a 1566, in ji Malam, sai giya da mata da barci a fada har aka rushe sarautar a 1922. Sauran sarakuna 26 ya dunƙule su a magana guda.

Ni kuma da na zauna da takardun sai lissafin ya ƙi fita. Daga 1299 zuwa 1566 shekara 267 ne. Daga 1566 zuwa 1922 shekara 356. Wace irin faɗuwa ce take fin tashi tsawo? Salim na biyu, wanda ake wa laƙabi da mashayi, a zamaninsa aka ci tsibirin Kubrus. An ragargaza jiragen ruwan daular a Lepanto a 1571, kafin shekara ta zagayo an ƙera wasu an saka a teku, a 1574 suka ƙwato Tunis. Sarkin bai je ko ɗaya daga waɗannan wurare ba. Wazirinsa Sokollu Muhammad Fasha, wanda ya riƙe wazirci daga 1565 zuwa 1579 a ƙarƙashin sarakuna uku, shi da marubutan majalisa da ma'ajin baitulmali su ne suka tafi da al'amura. Wasiƙar Barno ma haka take. Muradu na uku bai taɓa jagorantar yaƙi ba, da ƙyar yake fita daga fada, amma ƙorafin wani sarki daga bakin Tafkin Chadi ya shiga majalisa, an duba, an amsa, an kwafe amsar a rajista, ga ta nan har yau ana karantawa. Abin da na rubuta shi ne, daular ta sauya daga wadda ke rataye a wuyan sarki mai takobi zuwa wadda ofisoshi ke riƙe da ita, kuma da wannan sabuwar ce Barno ta yi mu'amala.

Ban ɓoye ɓarnar ba. Na kawo yadda aka rage azurfar kuɗin akce a tsakiyar shekarun 1580 har Janisari, wato sojojin sarki na dindindin, suka yi bore a 1589, da yadda Muhammadu na uku ya sa aka shaƙe 'yan'uwansa 19 da ya hau gado a 1595, da yadda sojoji suka kashe Usman na biyu a 1622. Amma na ce in kisan dangi ne ma'aunin lalacewa, to Sulaimanu da kansa ya sa an kashe wazirinsa Ibrahim a 1536 da ɗansa Mustafa a 1553, kuma a zamanin “malalatan” ne aka fara barin al'adar, lokacin da Ahmadu na ɗaya ya bar ƙaninsa da rai har ya gaje shi a 1617. Kan matan fada kuwa, na nuna cewa Muhammadu na huɗu yana ɗan shekara 6 aka naɗa shi a 1648, kuma mahaifiyarsa Turhan ce ta miƙa wazirci ga Koprulu Muhammad Fasha a 1656, wanda gidansa ya sake ɗaga daular har ta kammala cin tsibirin Kirit a 1669.

Babin ya daɗe a teburin Malam har ƙura ta hau bangonsa. Da ya dawo min da shi, shafi na farko kawai ya taɓa. Ya ja layi da jan biro daga kusurwa zuwa kusurwa, a gefe ya rubuta da manyan baƙaƙe: “Wa ya gaya maka?” Sauran shafukan ko lanƙwasa babu, ƙusar da na maƙale su da ita ma ba a ɗaga ba.

Na same shi a ofis, na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Allah ya gafarta Malam, da za a duba hujjojin da ke shafi na gaba.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Kai yaro, tun kafin a yaye ka nake koyar da wannan. Ka je ka rubuta abin da aka sani, ko ka nemi wanda zai sa maka hannu.”

Kowa ya san babu wanda zai karɓi ɗalibin da Farfesa ya saki. Wuƙa da nama suna hannunsa, zangon karatu na wucewa, kuɗin rajista na sake zagayowa, ga iyali. Na cire babin, na rubuta wani a kan tsarinsa: goma nagari, sauran taron tsintsiya. Ya sa hannu a ranar da na kai.

Abin da har yanzu yake min ɗaci shi ne ranar kare kundi. Mai jarrabawa na waje, wani dattijo mai sanyin magana, ya buɗe babi na biyu ya ce sauran aikin ya burge shi, amma wannan babin ya tsufa, masana tarihin Usmaniyya sun daɗe da daina bayyana abin da ya biyo bayan 1566 a matsayin gangara kawai, me ya sa ban ko ambaci muhawarar ba? Na juya na kalli Malam. Yana jujjuya makullin motarsa a kan tebur. Ya ce, “Ai na gaya masa ya faɗaɗa karatu, yaran yanzu ba sa ji.” Aka yi 'yar dariya. Ni kuwa ainihin babin, da jan layinsa, yana cikin jakata a ƙarƙashin kujera. Ban fito da shi ba, domin sa hannun ƙarshe bayan gyara nasa ne, kuma shi ma ya san da haka.

Wasu abokai sun ce in yafe, haka tsarin yake, su ma an yi musu. Na bar wa Allah abin da ke tsakanina da shi, amma ban yarda cewa haka ya kamata ya kasance ba. Malami ya saɓa maka a ra'ayi, wannan karatu ne, kuma da ya zauna ya rusa hujjojina ɗaya bayan ɗaya da na gode masa. Mutumin da bai buɗe shafi na biyu ba, sannan ya jingina maka laifinsa a gaban baƙo, wannan zalunci ne, ko da kuwa rawaninsa ya kai ina.

Ga masu shigowa: duk gyaran da aka yi muku ku ajiye takardar da kwanan wata, kuma ku nemi a rubuta, kada ku yarda da na baki. Kafin ku zaɓi mai duba aiki ku tambayi waɗanda suka gama a hannunsa, ba waɗanda ke ƙarƙashinsa yanzu ba, su ba za su iya magana ba. Larabcinku na Islamiyya zai taimaka muku da haruffan takardun Usmaniyya, amma harshen Turkanci ne, sai an koya. Ku riƙa gabatar da takarda a tarukan wasu jami'o'i tun da wuri, don wani ya san ra'ayinku kafin a binne shi. Ku kuma girmama ma'aikatan ofishin sashe, su suka san inda fayil yake kwana.

Yanzu ina koyar da tarihi a wata sakandare. In mun zo kan Usmaniyya ba na tsayawa a Sulaimanu. Ina kai yara har Muradu na huɗu da ya ƙwato Bagadaza a 1638, da Mahmudu na biyu da ya rushe rundunar Janisari a 1826, da Abdulhamid na biyu wanda a zamaninsa jirgin ƙasa ya isa Madina a 1908, kuma duk wanda ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba, sai na ji hujjarsa har ƙarshe. Babin da aka soke kuma na gyara shi, na ƙara masa abin da na karanta daga baya, na tura wa wata mujallar tarihi da sunana ni kaɗai.