Lungunan cikin ganuwa a taswirar waya

Duk mai aika kaya a garin Bauchi ya san yadda kwatance ke cin kati. "Ka wuce masallaci, ka sha kwanar mai shayi, sai ka tambayi yara." Manyan titunan Wunti da Yelwa suna nan a taswirar waya, amma da ka kutsa cikin ganuwa, wajen Jahun ko Bakaro, sai sunaye su fara ƙaranci.

Ni mai gyaran waya ne, kuma idan kasuwa ta yi sanyi da rana, nakan zauna in riƙa saka waɗannan wuraren a OpenStreetMap, wata taswirar duniya ta kyauta a intanet. Wani ɗan Ingila, Steve Coast, shi ya kafa ta a 2004, kuma kowa na iya buɗe asusu ya zana hanya ko ya sa suna. Aikin gayya ne, sai dai gonar ta kowa ce. Da girgizar ƙasa ta auka wa Haiti a 2010, 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zana titunan babban birninta daga hotunan tauraron ɗan'adam, masu ceto suka yi aiki da su.

To amma hoton sama rufin kwano kawai yake nunawa. Mai zane daga Jamus ba zai san wannan ɗakin kemis ne ba, ko cewa wancan lungun Keke Napep ba ya shiga da damina, ko wace rijiyar burtsatse ce ta daina ba da ruwa. Wannan sai ɗan unguwa.

Maƙwabcina a kasuwa kullum tambayarsa ɗaya: "Malam, nawa suke biyanka?" Ko sisi. Ya kuma yi gaskiya da ya ce manyan kamfanoni na cin moriyar wahalata, don har Facebook na amfani da bayanan. Abin da ya riƙe ni shi ne lasisin ODbL da OpenStreetMap ta koma a 2012: kowa ya ɗiba kyauta, ya faɗi inda ya samo, idan kuma ya inganta bayanan ya fitar wa jama'a, dole ya bar su a buɗe. Ɗalibin jami'ar ATBU da katafaren kamfanin Amurka haƙƙinsu ɗaya a kai.

Kwafa daga Google Maps haramun ne a OpenStreetMap, sai abin da ka gani da idonka ko a hoton sama da aka ba da izini. Ni kuma na ƙara wa kaina doka: makaranta, asibiti, famfo da shago nake sakawa. Gidan mutum, ko ya shahara a kwatance, ba na sa masa suna.